Gilashin kyamara mai faɗin gani: Amfaninsa da iyakarsa a gonakin Funtua da Malumfashi

Gilashi mai faɗin gani wani nau'in gilashin kyamara ne da ke tattaro fili mai yawa ya shigar da shi cikin hoto guda. A da sai a hannun ƙwararrun masu ɗaukar hoto ake ganinsa, amma a yau yana jikin wayoyin hannu da dama, inda yake bayyana da alamar 0.5 ko 0.6 idan an buɗe kyamara.

A kudancin jihar Katsina, inda gonaki ke shimfiɗe iya ganin ido daga Funtua zuwa Malumfashi, mutum zai ɗauka cewa babu gilashin da ya fi wannan dacewa. To sai dai kuma a irin wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ya fi wuyar sarrafawa, domin yana girmama abin da ke kusa, yana ƙanƙanta abin da ke nesa. Sanin haka na da amfani ga mai ɗaukar hoto, haka kuma ga wanda aka turo wa hoton gona domin ya yanke shawarar saye ko haya ko biyan diyya.

Ma'anar lambobin da ke jikin gilashi

Kowane gilashin kyamara na ɗauke da wata lamba da ake rubutawa da milimita, kamar 14 ko 24 ko 50. Wannan lamba ce ke nuna faɗin abin da gilashin zai iya gani, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon faɗin ganin.

An saba auna wannan ne da kyamarar da farantinta mai karɓar haske ya kai milimita 36 a kwance da 24 a tsaye, wato girman fim ɗin da aka daɗe ana amfani da shi kafin zuwan kyamarorin zamani. A kan irin wannan kyamara, gilashi mai lamba 50 na ganin kimanin digiri 40 daga hagu zuwa dama. Mai lamba 24 na ganin digiri 74, mai lamba 16 digiri 97, yayin da mai lamba 14 ke kaiwa digiri 104. Masu sana'ar dai kan sanya duk gilashin da lambarsa ta gaza 24 a rukunin masu matuƙar faɗin gani.

Kyamarori masu sauƙin kuɗi kuwa farantinsu ya fi ƙanƙanta, saboda haka sai an ninka lambar gilashin sau ɗaya da rabi kafin a san ainihin faɗinsa. Alal misali, gilashi mai lamba 10 a kan irin wannan kyamara daidai yake da mai lamba 15 ko 16 a kan babbar.

Gilasan sun kasu gida biyu. Akwai wanda ke barin miƙaƙƙen layi a miƙe, ta yadda bango ko turken lantarki ba zai lanƙwashe ba, kuma shi aka fi amfani da shi wajen ɗaukar hoton ƙasa. Akwai kuma wanda ake kira idon kifi, mai ganin digiri 180 ko fiye, wanda ke lanƙwasa duk wani layi da bai ratsa tsakiyar hoton ba.

Taƙaitaccen tarihi

Ilimin da kyamara ta ginu a kansa ya girmi kyamarar nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 11 masanin nan haifaffen Basra, Hasan Ibnul Haisam, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir kan yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake bi ta ƙaramar kafa ya sauka a cikin ɗaki mai duhu.

Bayan da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a birnin Paris a shekara ta 1839, ba a jima ba aka shiga neman gilashin da zai ɗauki fili mai faɗi. A shekara ta 1859 wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Sutton ya ƙera wani gilashi mai siffar ƙwallo da aka cika shi da ruwa, wanda ke ganin kimanin digiri 120. A shekara ta 1900 kamfanin Goerz na Jamus ya fito da gilashin Hypergon mai ganin digiri 135. Da yake gefunan hotonsa kan yi duhu ƙwarai, sai aka maƙala masa wata 'yar farfela a gaba, wadda ake juyawa domin ta rage hasken tsakiya.

Shi kuwa idon kifi, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, ne ya raɗa masa wannan suna a shekara ta 1906. Daga bisani, a shekara ta 1924, Robin Hill na Ingila ya tsara irinsa domin ɗaukar hoton sararin samaniya baki ɗaya wajen nazarin gajimare.

A shekara ta 1950 Pierre Angénieux na Faransa ya fito da tsarin da ya ba da damar ɗora gilashi mai faɗin gani a kan kyamarori masu madubi a ciki, kana a 1954 kamfanin Zeiss ya fitar da Biogon mai lamba 21, wanda Ludwig Bertele ya tsara.

Abin da ya kawo gilashin hannun talaka shi ne wayar salula. Kamfanin LG ya sanya shi a bayan wayarsa G5 a shekara ta 2016, sannan a 2019 Samsung da Apple suka bi sahu da Galaxy S10 da iPhone 11, masu ganin kimanin digiri 120 daga kusurwa zuwa kusurwa. Daga nan ya bazu zuwa wayoyi masu matsakaicin farashi.

Yanayin ƙasar

Yankin da ya haɗa Funtua da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Ƙafur da Malumfashi shi ne ya fi samun ruwan sama a jihar Katsina, inda akan sami kimanin milimita 1,000 a shekara. Ana noma masara da dawa da auduga da waken suya da shinkafa, ga kuma rake da tumatir a fadamu.

Sunan yankin a harkar noma ba na yau ba ne. Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a shekara ta 1929, ya zama hanyar fitar da auduga da gyaɗa. Haka kuma Funtua na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970.

Ga mai kyamara, abin lura shi ne siffar ƙasar. Galibinta shimfiɗe take, sai 'yan tuddai da kwaruruka, da duwatsu jefi-jefi. Bishiyoyin ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da gawo a warwatse suke cikin gonaki, ba a cunkushe ba. Mutumin da ke tsaye a fili sarari, ganinsa kan ƙare ne a ƙasa da kilomita 5, inda sama ke haɗuwa da ƙasa.

Dalilin da ya sa hoton kan fito fayau

Yawancin waɗanda suka fara amfani da gilashin kan yi mamaki. Sun tsaya a bakin gona mai ban sha'awa, amma hoton ya fito rabi sama, rabi ƙasa, da wani siririn zare na bishiyoyi a tsakani.

Lissafi ne ke bayyana dalilin. A ɗauki bishiyar ɗorawa mai tsawon mita 10 da ke nisan mita 100. Da gilashi mai lamba 50, za ta cinye kashi ɗaya cikin biyar na tsayin hoton. Da mai lamba 14 kuwa, ba za ta wuce kashi 6 cikin ɗari ba. A hannu guda kuma, karan masara mai tsawon mita 2 da ke nisan mita 2 daga kyamara zai mamaye fiye da rabin hoton. Wato ke nan karan masarar zai ninka ɗorawar tsawo har sau goma.

Ido ba ya nuna wa mutum haka, domin ƙwaƙwalwa na gyara abin da ido ya gani. Ta san ɗorawa ta fi masara girma, kuma tana karkata hankali ga abin da mutum ke sha'awa, ta yi watsi da saura. Kyamara ba ta da wannan zaɓi.

Ya kamata a fahimci cewa nisan da ke tsakanin mai hoto da abin da yake ɗauka shi ne ke haddasa wannan bambanci. Abin da gilashin ke yi shi ne bai wa mutum damar matsawa daf da abu, alhali bayansa duka na cikin hoton.

Yadda ake amfani da shi

Ka'ida ta farko ita ce a nemi abin da zai tsaya a gaban hoton, a kuma matsa kusa da shi sosai, kamar taku ɗaya ko biyu. Yana iya zama buɗaɗɗiyar auduga, ko damin dawa, ko garmar shanu, ko saiwar kuka, ko tsagaggiyar ƙasar fadama bayan janyewar ruwa. Wannan abu ne zai riƙe idon mai kallo kafin ya wuce zuwa nesa.

Ta biyu ita ce amfani da layuka. Kunyoyin gona babbar dama ce a wannan yanki, domin idan aka tsaya a bakinsu za a ga suna tafiya suna matsewa har su haɗu a can nesa. Haka ma burtali da hanyar ruwan noman rani da layin dogo.

Ta uku ita ce tsayin kyamara. Idan aka durƙusa aka sauke ta zuwa gwiwa, abin da ke gaba zai yi girma, fili na tsakiya kuma zai matse. Idan aka hau tudu ko dutse ko bayan mota, gonaki za su buɗe a ga iyakokinsu. Hoton da aka ɗauka daga tsaye, daidai ido, shi ya fi fitowa babu armashi.

Ta huɗu ita ce daidaita kyamara. Da zarar an ɗaga bakinta sama, bishiyoyi da gine-gine za su yi kamar suna faɗawa baya, idan an sunkuyar da ita kuma sai su baje waje. Karkacewa kaɗan zuwa hagu ko dama ma takan fito fili a ƙasar da ba ta da tsaunukan da za su ɓoye ta. Yawancin wayoyi da kyamarori na da layukan saiti da ake kunnawa domin wannan.

Ta biyar ita ce lura da gefuna. A gilashi mai lamba 14, abu zagayayye da ya faɗo a ƙarshen hoton kan miƙe har faɗinsa ya ƙaru da fiye da rabi. Don haka ba a ajiye fuskar mutum ko dabba ko rumbu a can. Ana kuma duba ko inuwar mai ɗaukar hoton ko yatsansa ya shigo.

Babbar falalar gilashin ita ce kusa da nesa duk kan fito tangaran. Idan aka tsuke ƙofar haske zuwa f/8, aka saita gilashi mai lamba 14 a kan abin da ke nisan mita ɗaya, to daga rabin mita har iyakar gani babu abin da zai dushe. Gilashi mai lamba 50 ba zai ba da haka ba sai daga nisan mita 5.

Idan kuwa abin sha'awar yana nesa ne, kamar dutse ko garken shanu ko jerin giginya, to wannan ba aikinsa ba ne. Gara a koma ga gilashi mai dogon gani, ko kuma a ɗauki hotuna uku ko huɗu a jere da gilashi matsakaici a haɗe su wuri guda, abin da wayoyi ke yi da kansu da sunan fanorama.

Damina da kaka da hunturu

Da yake sama kan cinye kaso mai yawa na hoton, kyawunsa ya dogara ne da yanayi. Damina ce lokacin da ya fi dacewa, musamman daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da hadari ke haɗuwa daga gabas a kan koren shuka. Amma tsayawa a fili ko a ƙarƙashin bishiya tilo yayin da ake walƙiya ganganci ne, komai kyan hadarin.

Da kaka launuka kan sauya. Zangarniyar dawa ta nuna, auduga ta yi fari fat, tarin masara na bushewa a masussuka. A wannan lokaci abin sanyawa a gaban hoto ba ya wuyar samu.

Hunturu kuwa, wanda ke kawo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kan shafe nesa ya mayar da sama fara. Hoton mai faɗi kan fito a dushe, sai dai idan an rage sama an mayar da hankali ga ƙasa. A nan gawo kan yi rana, domin shi da rani yake fitar da ganye bayan ya kakkaɓe shi da damina. Haka nan wuraren noman rani, irin na kewayen madatsar ruwa ta Mairuwa da ke kusa da Funtua, kan ba da kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa.

Ƙura abokiyar gabar kayan aiki ce. Ba a sauya gilashi a fili idan iska na kaɗawa, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan faranti kan fito a matsayin tabo a sararin samaniyar kowane hoto. Gilasai masu matuƙar faɗi da yawa gabansu a kumbure yake, ba ya karɓar murfin kariya, saboda haka akan hure ƙurar tukuna kafin a goge, don kada yashi ya karce shi.

Game da lokaci kuwa, yankin na kimanin digiri 11 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan tsaya tsaka sosai, har takan bi daidai bisa kai a watan Afrilu da kuma Agusta. Hasken tsakar rana ba ya barin inuwar da za ta fito da kunyoyi. Hasken da ake so shi ne na bayan fitowar rana da na bayan la'asar sakaliya, kuma ba ya daɗewa kamar yadda yake yi a ƙasashen Turai. Masu amfani da waya su sani cewa kyamarar 0.5 galibi ta fi babbar rauni idan haske ya yi ƙasa.

Hoto a matsayin shaida

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a yau hoton waya ya shiga harkokin da a da sai an taka ƙafa. Ana tura hoton gona ga mai son saye da ke Kano ko Abuja, ana nuna hoton ɓarnar ambaliya ko ta dabbobi a gaban mai sulhu, ana kuma haɗa hoto da takardun neman rance ko tallafi.

A nan ne halin gilashin ke da illa. Fili mai faɗin mita 100, wato gefe guda na hekta ɗaya, sai an ja baya mita 139 kafin ya shiga gilashi mai lamba 50, amma mai lamba 14 zai haɗiye shi daga nisan mita 39 kacal. Ƙaramar gona da aka ɗauka daga kusurwa, kyamara a ƙasa, za ta yi kamar ba ta da iyaka. Kududdufi a bakin gona zai yi kamar tafki. Akasin haka kuma, babbar zaizayar ƙasa da ke can ƙurya za ta koma ɗan tabo. Duk wannan na faruwa ba tare da an taɓa hoton da kwamfuta ba.

Mai kallo na iya gane irin wannan hoto. Abin da ke gaba ya yi girma fiye da kima, bishiyoyin nesa sun zama ɗigo, na gefe sun karkata ko sun miƙe. Idan an ga haka, sai a nemi wani hoton da aka ɗauka da babbar kyamarar wayar, mai alamar 1, daga tsaye, tare da mutum ko babur a nesa domin kwatance. Girman gona dai da igiya ko na'urar safiyo ake tabbatar da shi.

Amma fa gilashin na da amfani na gaske wajen adana tarihi. Idan aka riƙa ɗaukar wuri guda, daga tsayuwa guda, da gilashi guda, a wata guda na kowace shekara, hotunan za su nuna bishiyoyin da aka sare, da kwazazzabon da ke cin gona, da yadda gari ke shiga cikin gonaki. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta rana da wuri da lambar gilashi.

Izini da tsaro

Gilashin da ke ganin fiye da digiri 100 kan kwaso abin da mai shi bai nufa ba. Mace mai tsintar auduga a gefe, ko cikin gidan da katangarsa ta gajarta, na iya shiga hoto alhali bakin kyamara na kallon wani wuri dabam. Neman izinin mai gona da na mutanen da ke wurin wajibi ne, kuma duba hoton kafin a watsa shi ya fi ba da haƙuri daga baya.

Bugu da ƙari, yankin ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, musamman ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda a watan Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin Ƙanƙara. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtua da Malumfashi.

A wurin da aka ga irin wannan, baƙo mai kyamara na iya jawo zargi, kuma hoto mai faɗi na iya nuna hanyar shiga ƙauye da wurin rumbuna da garken shanu a lokaci guda. Wayoyi da dama ma kan liƙa bayanin ainihin wurin a cikin hoton. Saboda haka ya dace a fara gabatar da kai ga mai unguwa ko dagaci, a tafi da ɗan gari, a guji ɗaukar shingayen jami'an tsaro, sannan a kashe alamar wuri kafin a sanya hoto a intanet. Hasken safiya da na yamma da mai hoto ke nema ba ya kai ga a kwana ko a yi dare a kan hanyar da mutanen gari da kansu ke kauce wa.